Idan Hannu Ya Ƙi Fensir: Amsoshin Wasiƙun Masu Zane

Wasiƙun da suka taru a wannan karon kusan duk kuka ɗaya suke yi: mutum ya iya zane, wani ma da shi yake ci, amma marmarin ya gudu. Mun zaɓi shida, domin dalilin kowa daban ne, maganin ma haka.

Shekara shida ke nan ina zana hoton mutane da fensir da gawayi, amare da iyaye da masu ritaya. Wata huɗu yanzu, in na shimfiɗa takarda sai in ji kamar an ɗora mini dutse. Oda uku suna kaina, duk na karɓi kafin alƙalami. Baiwar ce ta tafi? (Wani mai zane, Kano)

Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka. Hannun da ya shekara shida yana auna tazarar ido da hanci ba ya mancewa cikin wata huɗu. Marmari ne ya gudu, kuma wasiƙarka ta nuna hanyar da ya bi: ba ka ambaci zane ko ɗaya da ka yi don kanka ba. Duk abin da ya fito daga hannunka na wani ne, da ranar karɓa a kansa.

Masana sun daɗe da lura da wannan. A 1973 wasu masana halayyar ɗan Adam uku a Amurka, Mark Lepper da David Greene da Richard Nisbett, sun yi gwaji da yara 'yan nazare masu son zane. Wasu an yi musu alkawarin takardar yabo in sun yi zane, wasu an ba su ba tare da sun sa rai ba, wasu kuma ba a ba su komai ba. Da aka dawo bayan kwanaki aka baza alƙaluman kala, waɗanda aka yi wa alkawari su ne suka fi ja baya. Karɓar kuɗin aikinka halal ɗinka ne, kada ka fahimce mu a baibai. Illar tana zuwa ne idan ya zama babu layi ɗaya da kake ja sai an biya.

Fara da bashin da ke kanka, don muddin yana nan ba za ka ji daɗin riƙe fensir ba. Kira mutanen uku yau, ka ba kowa ranar da ka san za ka iya cikawa. Idan akwai wanda ka tabbata aikinsa ya fi ƙarfinka a yanzu, mayar masa da kuɗinsa da ban haƙuri. Ya fi ka riƙa ɓuya in ka hango shi. Sauran biyun ka yanka su gunduwa-gunduwa. Hoto mai girman A3 kada ka kalle shi a matsayin aiki ɗaya: zama na farko tsarin fuska da layi mara nauyi da fensir HB, na biyu idanu, na uku hanci da baki, sannan fata, sannan hula ko ɗankwali, tufafi a ƙarshe. Kowane zama minti 45, ka miƙe minti 10. Kuma ka riƙa tashi a wurin da ka san abin da za ka yi gobe, misali rabin mayafi. Wanda ya tashi a kan idon da ya ƙi zama daidai, da wannan idon zai kwana, da safe kuma ƙafarsa ba za ta kai shi teburin ba.

Akwai abubuwa uku da ke cinye ran masu irin sana'arka, ka duba ko suna cikin naka. Na farko hoton da ya dushe. WhatsApp yana matse hoto idan aka turo shi kai tsaye, sai ka zauna kana ƙirƙiro gashin gira da babu shi. Ka ce a turo shi ta hanyar tura fayil, ko ka ƙi aikin. Na biyu gyara mara iyaka. Nuna wa mai aiki zanen tun yana layi, kafin inuwa, ka faɗa masa gyara sau biyu ne. Da zarar ka danna fensir mai baƙi sosai irin 6B ka murje shi, ya shige jikin takarda. Kilina ba za ta ɗebe shi ba, sai dai ta ci fuskar takardar, wurin ya riƙa ƙyalli. Na uku arha. Mai karɓar kuɗi kaɗan dole ya karɓi aiki da yawa. Lissafa sa'o'in da hoto ɗaya ke ci, ka haɗa da kuɗin takarda da firam, ka ɗaga farashi ka rage yawan oda. Wasu kwastomomi za su tafi, kuma yawanci su ne masu wahalarwar.

Sannan ka buɗe wa kanka wata ƙofa. Ɗauki takardar A4 ta fotokwafi guda 20, ka ninke biyu, ka ɗinke tsakiya da zare, ka samu shafi 80 ke nan. Kada ka sayi littafin zane mai tsada, tsadarsa za ta sa ka ji tsoron ɓata shi. Da biro za ka yi aiki a ciki, saboda biro ba ya goguwa, don haka babu zancen gyara. Minti 15 a rana, a lokaci ɗaya kullum, bayan asuba ko bayan la'asar. Abin da ke gabanka za ka zana da idonka, ban da hoton waya: buta, makulli, albasa da aka raba biyu, takalman da ke ƙofar masallaci, akuya a kwance. Kada ka ɗora shi a Facebook, kada ka nuna wa kowa. Kwanaki huɗu ko biyar na farko ba za ka ji komai ba, ci gaba dai. Alamar da za ka jira ita ce ranar da minti 15 suka cika ba ka duba agogo ba, ko ranar da kana tafiya ka ga inuwar rumfa a bango ka ji kana so ka zauna.

In kuma jikinka na neman hutu gaba ɗaya, ɗauka, amma ka sa masa rana: mako ɗaya, daga Juma'a zuwa Juma'a. Hutun da ba shi da ranar dawowa shi ne yake zama shekara.

Ɗaliba ce ni, shekarata biyu ina koyon zane. Da ina jin daɗin abin da nake yi, yanzu duk abin da na zana muni yake mini. In na shiga Instagram na ga aikin wasu sai in rufe littafina. (Wata ɗaliba, Jos)

Ƙanwata, ɗauko zanenki na bara ki ajiye kusa da na wannan watan. Muna kyautata zaton na yanzu ya fi. Abin da ya faru shi ne idonki ya riga hannunki girma. A shekara biyu kin koyi ganin kuskuren da da ba kya gani, hannu kuwa yana buƙatar maimaici kafin ya kamo. Kusan kowane mai koyo yana shiga wannan ramin, wasu sau da yawa, kuma a nan ne masu yawa suke ajiye fensir suna zaton sun koma baya.

“Muni” kalma ce da ba a iya gyara ta. Sai kin kama sunan laifin. Ɗauki zane biyar na baya-bayan nan, ki duba kowanne ta madubi, ko ki ɗauke shi a waya ki juya hoton, karkacewar da ido ya saba da ita za ta fito fili. Ki rubuta kuskuren da ya fi maimaituwa, guda ɗaya tak, ki ba shi mako biyu.

Misali, idan zanenki yana fitowa a shafe kamar an danne shi, matsalar inuwa ce. Ja akwati biyar a jere, na farko farin takarda, na ƙarshe baƙi iya ƙarfin fensir 4B, uku na tsakiya su hau daki-daki. Sai ki ajiye ƙwai a kan farar takarda, ki kashe fitilar ɗaki, ki haska shi da tocila daga gefe ɗaya, ki zana shi da waɗannan matakai biyar kawai. Masu koyo suna tsoron baƙi, sai su tsaya a toka-toka, shi ya sa abin ba ya tasowa. Idan kuma kwano da kofi ne suke fitowa a karkace, bakin kwanon ne: da'ira in aka kalle ta daga gefe tana zama kamar ƙwai a kwance, kuma gefunanta biyu a lanƙwashe suke, ba su da tsini. Cika shafi biyu kullum da su, daga kafaɗa za ki motsa hannu, kada ki kafe wuyan hannu a tebur.

Game da waya: abin da kike gani a can zaɓaɓɓe ne, an ɗauke shi a haske mai kyau, bidiyon minti ɗaya kuma aikin kwanaki ne aka matse. Ba ma cewa ki daina kallo, ana koyo a ciki. Ki dai sauya jerin: zane tukuna, waya daga baya. Kuma in wani aiki ya burge ki, ki tsaya a kansa ki kwaikwayi ɓangare ɗaya a littafinki don nazari, hannu ko lanƙwasar zani, ki rubuta sunan mai shi a gefe. Ki riƙa sa kwanan wata a kowane shafi, kada ki yaga ko ɗaya.

Na haihu wata uku da suka wuce. Da ina zanen furanni da fentin ruwa, yanzu ko kallon kayan ba na son yi. Abinci ma ba ya mini daɗi, barci ba ya zuwa ko jariri ya yi barci, ga yawan kuka ba dalili. (Wata uwa, Gusau)

'Yar'uwa, Allah ya raya, ya ba ki lafiya. Wasiƙarki ta bambanta da sauran, kuma muna roƙonki ki ɗauki amsar da muhimmanci. Da zane kaɗai ya fita ranki, da mun ba ki dabarun zane. Amma abinci da barci sun tafi tare da shi, ga kuka, kuma ya daɗe. Sauyin rai na kwanakin farko bayan haihuwa yakan wuce cikin mako biyu. Wanda ya zarce haka yana iya zama ciwon damuwa na bayan haihuwa, ciwo ne sananne, yana da magani, kuma ba ya nuna raunin imani ko rashin son ɗa.

Ki je asibitin da kike kai jariri rigakafi, ki faɗa wa likita ko ungozoma abin da kika rubuto mana, kalma da kalma. Ki nemi a duba jininki, don ƙarancin jini bayan haihuwa shi ma yana kawo kasala. Idan aka tura ki wurin likitan ƙwaƙwalwa kada sunan ya tsorata ki. Akwai asibitocin tarayya na wannan fanni a Kware ta Sakkwato da Kaduna da Maiduguri, manyan asibitocin koyarwa ma suna da sashen. Ki sanar da su kina shayarwa domin su zaɓi maganin da ya dace, kuma ki sani irin waɗannan magunguna sukan ɗauki makonni kafin a ji aikinsu. Ki gaya wa maigida ko mahaifiyarki, a samu mai karɓar jariri ki yi barci. Idan tunanin cutar da kanki ko jaririn ya taɓa zo miki, yau za a je asibiti, kada a kwana.

Kayan fentin ki wanke buroshi, ki rufe su da kyau ki ajiye. Kada ki ɗora wa kanki laifin barinsu.

Wannan amsar ta shafi maza ma. Duk wanda rashin marmarin ya wuce zane ya mamaye ci da barci da hira da mutane har mako biyu ko fiye, likita zai fara gani.

Mai zanen lalle ce ni. Daga azumi zuwa bayan Babbar Salla ban huta ba, ga bukukuwa. Yanzu in amarya ta miƙo hannu sai in ji haushi, yatsuna suna yin sanyi da dare, baya kuma kamar zai karye. (Wata mai lalle, Damagaram)

Hajiya, jikinki ne yake magana kafin zuciya. Wanda zane ya zame masa ciwo dole ya tsane shi. Matsa ledar lalle da babban yatsa da manuni na sa'o'i, wuyan hannu a lanƙwashe, yana takura jijiyar da ta ratsa wuyan hannu, alamarsa ita ce wannan sanyi ko jin kamar ana tsira allura a babban yatsa da biyu na kusa da shi, musamman da dare. Idan ya wuce makonni, ko abu ya fara suɓucewa daga hannunki, ki ga likita.

Kafin nan ki gyara abu uku. Kwaɓin: in ya yi tauri sai kin matsa da ƙarfi, don haka ki tace garin da ƙyalle mai laushi sau biyu, ki sassauta kwaɓin har ya riƙa zuba a zare ɗaya ba ya tsinkewa. Ledar: ƙanana ki riƙa ɗaurawa, waɗanda ba su wuce tsawon tafin hannu ba, babba tana gajiyar da yatsu. Zaman: daina durƙusawa a tabarma kina sunkuyo. Amarya ta hau kujera, ƙafarta a kan wata kujerar ko filo, ke ki zauna a 'yar kujera, aikin ya zo daidai ƙirjinki. Bayan kowane hannu ɗaya ki miƙe, ki buɗe yatsu, ki girgiza su. In da baƙin lalle na dayis kike aiki, ki sa safar hannu. Sinadarin rinin gashi da ke cikinsa yana ƙona fatar wasu, kuma mai taɓa shi kullum ta fi kowa shiga haɗarin.

Ki ƙayyade adadin mutanen da za ki yi wa a yini, ki ware rana ɗaya a mako da ba kya karɓar kowa. Haushin da kike ji kuma akwai gundura a ciki: fure ɗaya ake nuno miki a waya tun bara. A ranar hutun ki zagaya unguwar Birni ki kalli adon da magina suka yi a fuskar tsofaffin gidaje, ki kwafo biyu ko uku a takarda, ki gwada yadda za su zauna a bayan hannu.

Na ji wa'azi a kan zanen abu mai rai, sai na bari. Tun daga nan ban san me zan zana ba, har son zanen ya mutu. (Wani matashi, Zariya)

Ɗan'uwa, fatawa ba aikin wannan fili ba ne. Malamai sun yi bayani mai faɗi a kan mas'alar, ka zauna da wanda ka amince da iliminsa ka yi masa tambaya dalla-dalla. Abin da za mu iya gaya maka shi ne, ko da ka tsaya a kan barin mai rai har abada, abin zanawa ba zai ƙare maka ba. Ka rufe ƙofa ɗaya ne ka zauna a bakinta.

Kana garin da Babban Gwani ya gina Masallacin Juma'a a ƙarni na 19, da bakan gizonsa na ƙasa da adon da ke jikin ginshiƙai. Ga zayyanar allo da ake yi wa mai saukar Alƙur'ani, ga dagi, ga aska takwas a gaban babbar riga, ga ɗinkin hula, ga sassaƙar ƙwarya. Duk zane ne, kuma kowanne yana da ƙa'idar da sai an koya. A garin nan ne kuma, a 1958, ɗalibai irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Demas Nwoko da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane, suna cewa a koma a ɗebo daga adon gargajiya a haɗa da abin da aka koya a aji. Okeke ya ɗebo daga zanen uli na ƙasar Ibo. Naka yana bakin ƙofarka.

Ga aikin da za ka fara da shi a daren yau, da kamfas da rula na akwatin lissafin 'yan makaranta. Ja da'ira mai faɗin santimita 12. Ja layi a tsaye da wani a kwance su ratsa tsakiyarta, sannan ka raba kowace kusurwa biyu, ka samu ɗigo takwas a bakin da'irar. Haɗa ɗigo kana tsallake ɗaya, murabba'i biyu za su fito a kan juna, tauraro mai tsini takwas ke nan. Sake wata da'irar kana tsallake biyu, za ka ga tauraron ya ƙara tsini. Jera irinsu tara, uku-uku, gefe na taɓa gefe, ka kalli siffar da ta ɓullo a tsakaninsu, wadda ba kai ka zana ta ba. Fensir mai tauri, 2H, shi ya dace da layin gini, kuma ka fere shi sosai. Kuskuren milimita ɗaya a da'ira ta farko yana zama gibi a ta uku. In ka gama ka bi layin da kake so da tawada, ka bari ta bushe sarai kafin ka goge fensir, in ba haka ba ta shafe.

Idan ka gaji da rula, fita waje. Zaure, rumbu, kukar da ganyenta ya zube, tulin tukwane a kasuwa. Da safe kafin ƙarfe tara ko bayan la'asar inuwa ta fi tsawo, gini ya fi fitowa. Da tsakar rana komai a shafe yake.

Shekarata 47, ina rubuta allon talla da zanen jikin mota. Kwanan nan ƙananan aiki suna gundurata, kaina yana ciwo in na daɗe. (Wani mai fenti, Kumasi)

Malam, kafin ka zargi zuciyarka, a auna idonka. Daga wajen shekara 40 ido yana fara kasa kama abin da ke kusa, alamarsa mutum ya riƙa nisanta takarda kafin ya karanta. Tabarau na karatu yana gyara wannan, amma a auna maka a asibitin ido, kuma ka faɗa musu tazarar da kake aiki, don nisan allo a tsaye ya fi na littafi a hannu. Kowane minti 20 ka ɗaga kai ka kalli abu mai nisan kamar mita 6 na daƙiƙa 20.

Ciwon kan kuma ka duba wurin aikinka. Fentin mai da tina da fetur da ake wanke buroshi suna sa ciwon kai da jiri a shago mara iska. Ka riƙa haɗa fenti a waje, ka rufe gwangwani da zarar ka ɗiba, tsummokaran da suka jiƙe ka fitar da su daga shagon. In feshi kake yi, takunkumin ƙyalle ba ya tare tururin, sai mai matatar gawayi, kuma matatar ana canza ta da zarar ka fara jin warin fenti ta cikinta. Idan bayan tabarau da iska ciwon kan bai sauka ba, a auna hawan jininka.